Goron Kumasi da Ƙwallon 'Yan Mata

Da na tashi tafiya Kumasi a watan Mayun 2023, abin da na faɗa wa mutanen gida shi ne zan je gaida Gwaggo, kuma gaskiya na faɗa. Yayar mahaifina ce, shekara goma sha huɗu rabona da ita. Kakanmu bafataken goro ne, ya zauna a Kumasi shekaru masu yawa, can ya haifi manyan 'ya'yansa. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta kafa dokar da ta tilasta wa baƙin da ba su da takardun zama barin Gana, sai ya tattaro iyalinsa ya dawo Kano. Gwaggo kaɗai aka bari, don a lokacin ba ta daɗe da tarewa a ɗakin mijinta ba. Tun daga nan zumuncinmu ya koma na saƙo, da farko wasiƙa a hannun direbobin motar goro, yanzu kuma murya a WhatsApp.

Amma akwai dalili na biyu da ya sa na zaɓi wannan watan. Ni malamar motsa jiki ce a wata makarantar sakandare ta 'yan mata a Kano, shekarata goma sha ɗaya ina wannan aiki. Na ji labarin cewa WAFU, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Yammacin Afirka, za ta shirya wa shiyyarta ta B gasar 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 20 a karon farko, kuma a Kumasi za a yi, daga 20 ga Mayu zuwa 3 ga Yuni. Ƙasashe bakwai ne a shiyyar: Najeriya, Nijar, Gana, Benin, Togo, Burkina Faso da Kwaddibuwa. A lokacin zuciyata a dagule take, domin mako biyu kafin nan wata ɗalibata 'yar aji huɗu, bahaguwa, wadda ban taɓa koyar da mai ƙafa irin tata ba, ta zo ta ajiye mini takalmin da na ara mata, ta ce babanta ya ce ta daina. Na rubuta masa takarda har sau biyu, bai amsa ba. Ina so in ga da idona inda irin wannan ƙafar take kai yarinya idan an bar ta.

Na nemi hutu a wurin aiki, ƙanena ya yarda zai raka ni. Muka hau babbar motar Legas daga Sabon Gari da yamma, muka kwana a hanya, muka yini. Daga Legas muka kama hanyar gaɓar teku. A iyakar Seme aka duba fasfonmu da katin rigakafin shawara, muka shiga Benin. Kwatano cike take da 'yan acaɓa masu rigar rawaya, ga fetur a kwalabe jere a bakin titi, wanda kowa ya san daga inda yake fitowa. Togo kuwa ta wannan gefen siririya ce, kafin ka gama gyara zama ka isa Lome, daga Lome kuma taku kaɗan ne zuwa Aflao, ƙofar Gana. Tun da muka shiga Togo ƙanena ya tuna mini in mayar da agogona baya da awa ɗaya. Iyaka uku a yini guda, kuɗi kala uku a jakata, naira da sefa da sidi, amma a kowace iyaka da Hausa na yi canji, da Hausa na sayi ruwa. Muka ƙetare kogin Bolta a Sogakope da la'asar sakaliya, muka shiga Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, bayan isha'i.

Daga Akra zuwa Kumasi kilomita 250 ne ko kusa da haka, amma mun fi awa biyar a hanya. Damina ta riga ta kankama a can. Daga Nsawam zuwa Nkawkaw ban ga jar ƙasa tsirara ba sai a gefen kwalta, ko'ina kore shar, ga duwatsun Kwahu da hazo a kansu. Wanda ya baro Kano a tsakiyar Mayu, lokacin da ruwan randa ma ɗumi yake yi, shi zai san abin da na ji da aka buɗe tagar mota.

Gidan Gwaggo a Aboabo yake, cikin unguwannin zango. Tana zaune a kan tabarma a bakin ɗakinta muka yi sallama. Ta daɗe tana kallona kafin ta ce, "Idon ubanki ne wannan." Na durƙusa na gaishe ta, ta kamo kaina ta ɗora a cinyarta, muka yi ta kuka mu biyu. Kafin magariba gidan ya cika da 'yan zuwa ganin baƙin Kano. Hausar zango sai da kunnena ya yi kwana biyu kafin ya zauna da ita. Ba su cika raba namiji da mace a magana ba, sai ka ji an ce "Hajiya ya fita, yanzu zai dawo", ga kalmomin Tuwi da na Turanci suna shigowa ba tare da neman izini ba. Amma gaisuwa tana nan daram, da tsawonta da ladabinta, har na ga yaran can sun fi namu na yanzu daɗewa a durƙushe.

Da safe aka kawo koko mai yaji da ƙosai. Wannan kokon duk Gana ta san shi da sunan kokon Hausa. Shinkafa da waken da suke dafawa da karan dawa har ta yi ja, wadda suke kira wace, daga kalmarmu ta wake sunan ya fito, haka ma tuwon zafi. Mutanenmu sun biyo goro ta hanyar Gwanja da Salaga, suka zauna, abincinsu ya zama na gari.

Da na gaya wa Gwaggo cewa zan je kallon ƙwallo, na ɗauka za ta yi mini faɗa. Sai ta ɗaga murya ta kira wata jikarta 'yar shekara goma sha biyar, ta ce, "Zo ki kai antinki, ke ce kika san hanyar." Yarinyar ta fito da hijabi har gwiwa, ta gaishe ni. A tsakar gida, kan igiyar shanya, sai a lokacin na lura da doguwar safar ƙwallo guda biyu tana ɗiga.

Wasan Najeriya na farko da Nijar ne, a filin Paa Joe da ke cikin jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah. Muka hau turoturo, ƙaramar motar hayarsu, har ƙofar jami'ar. Fili ne na ɗalibai, ba babba ba, itatuwa sun kewaye shi, kuma mai kallo yana kusa da layi har yana jin numfashin 'yan wasa. Na zo da tutar Najeriya a jakata. Falconets, tawagar 'yan matan Najeriya, ba ƙananan yara ba ne a wannan harka. Sau biyu suna kaiwa wasan ƙarshe na kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20, a 2010 da 2014, duka biyun Jamus ce ta hana su kofi. A 2022 a Kosta Rika sun kai zagayen kwata-fainal, kuma wasu daga cikin waɗanda suka buga can, irin su Esther Onyenezide da Flourish Sabastine, suna cikin tawagar da koci Christopher Danjuma ya kawo Kumasi.

Kusa da mu wasu maza biyar ne a zaune, da ƙaramar tutar Nijar. Daga gaisuwarsu na gane mutanen Tawa ne. 'Yan kasuwar albasa ne, masu sauke albasar Galmi a Kumasi, sun bar rumfa sun zo. Babbansu, dattijo mai furfura a gemu, ya ce mini bai taɓa kallon mata suna ƙwallo ba, amma ya ji an ce ɗiyan ƙasarsu sun zo, kuma ba zai yiwu a ce sun shiga fili babu mai ce musu sannu ba.

Ci 7 da nema aka tashi. Zan iya cewa tun mintocin farko na san yadda za ta ƙare, don aikina ne kallon ƙafafun yara. 'Yan Najeriya kafin ƙwallo ta iso su sun riga sun waiga, sun san inda za su aika ta. Taɓawa ɗaya ta tare, ta biyu ta miƙa. 'Yan Nijar kuwa sai ƙwallon ta zo sannan a fara shawara, kuma kafin a gama shawara an ƙwace. Ba gudu suka rasa ba, ba zuciya suka rasa ba. Na ga 'yar baya ta bi mai ƙwallo tun daga tsakiyar fili har layin ƙarshe alhali an riga an ci su biyar. Na ga mai tsaron raga tana tashi tana kakkaɓe ciyawa, tana ɗauko ƙwallo daga cikin raga da kanta, tana tafa wa na gabanta hannu. Masu albasa ba su yi shiru ba ko na minti ɗaya. "Ba ta balo! Ki ba ta balo!" "Tashi, ɗiyata, ba komi!" Ana cikin haka na ji daga cikin fili wata ta ƙwala wa 'yar'uwarta kira da Hausa cewa ta komo baya, da irin muryar da nake ji kullum ranar Laraba a filin makarantarmu.

Tutar da na zo da ita ba ta fito daga jaka ba ranar nan. Ina son ƙasata, kuma na ji daɗin iya wasan yaranmu. Amma da na dubi ɓangarorin biyu, waɗanda suka yi kama da ɗalibaina su ne waɗanda ake ci. Da za a ɗebi 'yan matan Kano da Katsina da Sakkwato zalla a haɗa su da Falconets, abin da ya sami Nijar shi zai same mu, wataƙila ma fiye. Jikar Gwaggo ta lura na yi shiru, ta ce, "Anti, ba ku ne kuka ci ba?" Na ce mata mu ne.

Na yi ta juya wannan wasan a raina kwana da kwanaki. Bambancin da na gani na shekaru ne. Yarinyar da ta taso a Legas ko Fatakwal ko Benin ta Edo tana fara taɓa ƙwallo a lungu tun tana 'yar shekara shida ko bakwai, tare da yayyenta maza. Idan ta yi fice akwai inda za ta, akwai Rivers Angels da Bayelsa Queens da Edo Queens da Delta Queens, akwai FC Robo ta Legas wadda ta fito da Asisat Oshoala. A duk faɗin Arewa, ƙungiyoyin da na sani suna buga babbar gasar mata ta ƙasa su ne Nasarawa Amazons ta Lafiya da Adamawa Queens ta Yola. Ni kuwa yarinya tana zuwa hannuna tana da shekara goma sha biyu ko sha uku, ba ta taɓa buga ƙwallo da takalmi ba. Minti arba'in nake da shi da ita a mako. Kafin ƙafarta ta saba, ta kai aji biyar, an fara maganar jarrabawa ko ta aure. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa kullum ranar tafiyar muke neman wuƙa.

Kuma ba na cikin masu zagin iyaye a kan wannan. Uban da ya hana 'yarsa yana da abin da yake tsoro, kuma ba tsoron banza ba ne. Yana tsoron shigar da zai ga 'yarsa a ciki, yana tsoron namijin koci da tafiyar kwana, yana tsoron bakin unguwa ranar da aka zo neman aurenta. Maganar sutura an riga an warware ta a doka, domin tun 2014 hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa ta amince mace ta buga da kanta a rufe, dogon wando a ƙarƙashin gajere kuwa ba a taɓa jin ya hana kowa gudu ba. Sauran tsoron biyu su ne aikinmu, kuma ba mu yi ba. Oshoala kanta Musulma ce, kuma sananne ne cewa iyayenta ba su so ba da farko. A lokacin da nake Kumasi sau biyar tana zama gwarzuwar 'yar wasan Afirka.

Abin da ya fi tsaya mini a tafiyar nan ba a babban fili na gan shi ba. Ranar wata Asabar bayan sallar asuba na bi jikar Gwaggo wajen atisayensu, a filin wata makarantar firamare da ke bayan unguwa. Filin jar ƙasa ne, ruwan dare ya bar tabkuna biyu a gefe, ragar kuma ƙarfe ne kawai babu zare. Yara ashirin da 'yan kai, kusan rabinsu da ɗan ƙaramin hijabi mai kama kai da dogon wando baƙi. Kocin namiji ne, amma a kan wani benci a gindin bishiya mata uku ne zaune, ɗaya da carbi, ɗaya tana tsince wake a tire, ɗaya da goyo. Na je na gaishe su, na tambaya ko 'ya'yansu suka rako. Mai carbin ta ce, "Yau kwananmu ne." Ashe iyayen yaran ne suka raba ranaku a tsakaninsu. Ba a fara atisaye sai uwa ɗaya aƙalla tana zaune, ba a tafiya wasa wani gari sai da uwa biyu a cikin mota, kuma duk yarinyar da malamin makarantar allo ya ce ba ta zo da yamma ba, ba ta taɓa ƙwallo a wannan makon. Babu wanda ya rubuta musu wannan tsari, babu wanda yake biyansu.

Na zauna da su har aka tashi. Jikar Gwaggo 'yar tsakiya ce, ba ta da tsawo, amma tana waigawa kafin ƙwallo ta iso ta. Na tambaye ta yaushe ta fara, ta ce tun tana aji biyu na firamare. Da aka busa usur na ƙarshe ta zo gindin bishiya ta cire takalmi, ta goge laka da tsumma, ta zura dogon hijabinta, ta karɓi tiren waken daga hannun matar nan ta ɗora a ka, muka kama hanyar gida.

Ba zan ce duk zango haka yake ba. A gidan Gwaggo ma akwai surukinta da bai so, kuma ya faɗa a gabana. Amma ana maganar a fili, kan tabarma, kuma tsofaffin mata suna da baki a ciki.

Sauran wasannin rukuni suka wuce kamar yadda aka zata. Najeriya ta ci Togo 6 da nema, ta ci Burkina Faso 3 da nema. A kwanakin da babu wasa muka zaga gari. Mun je Manhyia, fadar Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu na Biyu, wanda yake kan karaga tun 1999, muka shiga gidan tarihin da ke ciki. Mun yi Juma'a a babban masallacin Kumasi. Kasuwar Kejetia kuwa sai da na riƙe gefen hijabin yarinyar nan kamar makauniya, don in na sake ta ban san ta inda zan fita ba. A wajen 'yan gwanjo na tsaya na zaɓi takalman ƙwallo ƙafa shida, masu lamba 37 zuwa 40, na ƙarar da kuɗin da na ware na atamfa. Daga nan Gwaggo ta aika aka kai ni wurin wani dattijo mai goro da ya san kakanmu. Ya buɗe huhu a gabana, ya ɗaga ganyen da aka lulluɓe shi da shi, ya zaɓo mini marsa fari da ja da hannunsa, yana ba ni labarin yadda ake loda motar Kano a zamaninsu. Ya ƙi karɓar kuɗin rabin abin da ya ba ni.

Ranar 29 ga Mayu muna tsakar gida aka kunna rediyo, muka ji sabon shugaban Najeriya Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Kafin mako ya fita litar fetur a gida ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Ƙanena ya zauna da biro yana sake lissafin kuɗin motar komawa, ya ce mu tafi tun kafin abin ya fi haka. Na roƙe shi ya ƙara mini kwana biyar. Najeriya ta riga ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda ta fitar da Benin da ci 3 da nema. Ƙwallo 19 ke nan a wasa huɗu, ba a zura mata ko ɗaya ba. Gana kuma ta fitar da Burkina Faso. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, kin san dai ba zan bar ki a nan ba."

Wasan ƙarshe ranar Asabar 3 ga Yuni aka yi, a filin wasa na Baba Yara, mai ɗaukar mutum kusan dubu 40. Tun ina yarinya nake jin sunan nan a bakin mahaifina. Baba Yara ɗan Kumasi ne, sunansa na yanka Usman Seidu, ya buga wa Asante Kotoko da tawagar Gana a gefen dama, har ana masa kirari da sarkin 'yan gefe na Yammacin Afirka. A 1963 ya yi hatsarin mota a hanyar dawowa daga wasa, ya samu rauni a ƙashin baya, bai sake tafiya da ƙafarsa ba, ya rasu a 1969, shekarar da kakanmu ya bar garin. Gwaggo ta ce ta tuna ranar da labarin rasuwarsa ya shigo zango. Na tsaya a ƙofar filin ina kallon sunan, suna irin na gidajenmu, a jikin babban filin wasa na ƙasar Asante.

Tun a mota samarin unguwa suke tsokanar ƙanena. A wannan filin ne Super Eagles suka yi canjaras babu ci da Gana a watan Maris na 2022, kafin a je Abuja a tashi 1 da 1, Gana ta tafi kofin duniya na Katar mu muka zauna a gida. Sun ce abin da maza suka fara mata za su ƙarasa. Wannan karon na fito da tutata tun daga bakin ƙofa. Jikar Gwaggo ta ɗaura ta Gana a kan hijabinta, muka zauna kafaɗa da kafaɗa.

Wasan ya sha bamban da duk waɗanda na kalla a baya. A karon farko 'yan Najeriya suka haɗu da waɗanda ba sa ba su sararin waigawa. Black Princesses, 'yan matan Gana na koci Yussif Basigi, sun matse tsakiya, ga ganguna da kakaki daga kowane ɓangare na filin. Kafin hutun rabin lokaci aka ba Gana bugun fenariti, Stella Nyamekye ta buga ta ci. Ita ce ƙwallo ta farko da ta shiga ragar Najeriya a gasar gaba ɗaya. Yarinyar da ke gefena ta yi tsalle har tutarta ta faɗi, tana ce mini 'yar ƙungiyar Dreamz Ladies ce, ta nan Kumasi, ta sha ganinta. Wannan maganar ta shige ni. Tauraruwar da take kallo ba a talabijin take ba, a garinsu take, tana iya gamuwa da ita a tasha.

Bayan an dawo Najeriya ta tare a gidan Gana. Aka yi ta kai hari ana ɓarar da dama, ni kuwa na murɗe gefen mayafina har ya yi kamar igiya. Saura 'yan mintoci a tashi Flourish Sabastine ta farke. Ban san lokacin da na miƙe ba. Filin ya yi tsit in ban da ɗan gungunmu na 'yan Najeriya, ɗalibai da 'yan kasuwa, da kuma, can gefe, masu albasar nan na Tawa da suka dawo suna mara mana baya.

Aka tashi 1 da 1, aka tafi bugun daga kai sai mai tsaron gida. A nan ƙafafun da suka ci 19 suka yi sanyi. Mai tsaron ragar Gana, Afi Amenyaku, ta tsaya musu, Gana ta ɗauki kofi da ci 3 da 1. Na ga 'yan wasanmu sun zube a ciyawa, wasu sun rufe fuska da riga. Ranar ce na tuna cewa su ma yara ne, sa'o'in ɗalibaina na aji shida. Jikar Gwaggo ta gama murnarta, ta juyo ta ga idona, sai ta rage murya ta ce, "Anti, yi haƙuri." Ta riƙe mini jaka har muka fita.

A daren da za mu taso na ba Gwaggo labarin ɗalibata bahaguwa da takardu biyun da na rubuta wa babanta. Tana ɓare goro da ɗan ƙaramin abin gogarta, don haƙoranta sun daina iya shi, ba ta ɗago ba ta ce, "Takarda kika aika wa mutum a kan 'yarsa?" Na ce eh. Ta ce, "Yarinyar ba ta da kaka?" Na ce tana da ita, a gidan ma take. Ta ce, "To ke da wa kika gaisa a gidan?" Ban da amsa. Ta sa aka ƙulle mini goro ashirin daban a cikin ganye, ta ce wannan ba na tsaraba ba ne, kuma in yayyafa masa ruwa a hanya kada ya bushe.

Komawa ta fi zuwa tsada da wahala. Kuɗin motar Legas zuwa Kano ya kusa ninkawa, kuma a Kwatano kwalaben fetur ɗin nan sun ragu a bakin titi. Kowace tasha muka tsaya sai na buɗe ƙullin na yayyafa ruwa.

Kwana uku da dawowata na je gidan, bayan la'asar, ba tare da na sanar da yarinyar ba. Na wuce ɗakin kakar kai tsaye, na durƙusa na gaishe ta, na ajiye goro na ce daga Kumasi yake. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi a hannu, ta ce rabonta da irin wannan tun mijinta yana da rai. Mun fi awa muna hira kafin maganar ƙwallo ta shigo. Na gaya mata abin da na gani a gindin bishiyar nan, na ce ba na neman a ba ni yarinya, ina neman wadda za ta zo ta zauna a benci. Ta ce, "Malama, ki bari a sha ruwan Babbar Sallah, zan yi magana da ubanta."

Asabar ta biyu bayan Sallah ina jera duwatsun da muke yin raga da su sai na hango su daga bakin ƙofar makaranta, yarinyar a gaba, mahaifiyarta a baya da tabarma a naɗe a hammata. Uban ya ce ranar Asabar kawai, a cikin makaranta kawai, kuma babu zuwa wani gari. Na ce na yarda. Na buɗe buhun takalman Kejetia, ta gwada ƙafa biyu, mai lamba 38 ya yi mata daidai.